Neman kik ɗin da ya dace da Chevelle ɗina ta 1970

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Yau na gama haɗa injin. Wata biyar ke nan da sauke shi daga cikin motar, Chevrolet Chevelle SS 396 ƙirar 1970, wadda na saya a mace, tayoyi duk sun sace, ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin kujerar baya. An yi borin, an yanka kiranshaf, na sa sabbin fistin da ringi, na fesa masa fentin nan mai ruwan lemo da aka san injinan Chevrolet da shi. Ga shi can tsakiyar gareji a kan ƙarfensa, sai ka ce ango.

Kafin fenti na sake kwafe lambar da aka buga a gaban bulok, ta ɓangaren fasinja: T0212CTX. T na nufin masana'antar Tonawanda da ke jihar New York, 0212 kuma 12 ga Fabrairu, ranar da aka haɗa injin, CTX kuwa inji ne mai ƙarfin doki 350 da aka yi wa mota mai giyar hannu. Sunansa dai 396, amma a wannan shekarar an ɗan faɗaɗa silinda, ainihin girmansa inci kubik 402 ne, kamfanin ya ƙi sauya sunan tun da shi mutane suka saba da shi. Ita motar a nan Baltimore aka haɗa ta, a masana'antar titin Broening da aka rufe a 2005. Kusan duk mako ina wucewa ta wurin.

Abin da ya rage a takardata ƙanana ne: famfon fetur, wayoyin filogi, sai kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi. Kik ɗin ma a ƙarshe na rubuta shi, don akwai guda a cikin kwalin tarkacen da mai motar ya haɗo ni da shi. Gobe in Allah ya kai mu zan wanke shi in ɗaura.

Lahadi, 3 ga Maris

Ashe da sauran rina a kaba.

Ƙarfen da injin ke kai ya tare bayansa, babu halin sa filawil, don haka na ɗaga shi da janwe na dire shi a kan gadon katako da na harhaɗa. Na ɗaura filawil, faifan ƙarfe mai haƙora da kik ke juyawa, na ɗauko kik ɗin kwali na kai shi mazauninsa, ya ƙi zama. Hancinsa na dungurar haƙoran filawil tun kafin ramukan noti su daidaita. Na juya, na karkata, na ɗan yi masa faɗa, ko gezau.

Da na gaji na zauna na duba shi a tsanake. Ramukan notinsa biyu a jere suke, ɗaya daura da ɗaya. Sai na kira babban ɗana, na ba shi alli na ce ya yi alama a haƙori ɗaya ya ƙidaya har ya zagayo. Ya ce, “Baba, 167.” Na ce ya sake. Na biyu ya samu 168, ni ma na ƙidaya na samu 168. Na sa tef, faɗin filawil inci 14.

Nan ne sirrin yake. Injinan V8 na Chevrolet na wancan zamani filawil iri biyu suke amfani da shi: ƙarami mai haƙora 153, faɗinsa inci 12 da uku bisa huɗu, da babba mai haƙora 168. Kik ɗin ƙaramin ramukansa a jere suke, noti ɗaya dogo ɗaya gajere. Na babban kuwa ramukan a karkace suke, ɗaya ya ɗan ja gaba ɗaya ya ja baya, don kik ɗin ya matsa waje ya ba faffaɗan filawil wuri. Wanda aka ba ni na ƙaramin ne, Allah kaɗai ya san daga wace mota ya fito.

Tun da filawil na hannuna, na kifa shi na duba bayansa. Na injin 454, babban yayan nawa, shi ma haƙora 168 ne, ramukansa kuma za su hau kiranshaf ɗina lafiya lau, amma yana da wani tudun nauyi a gefe ɗaya, saboda shi 454 daga waje ake daidaita masa nauyi. Idan ya hau 402, injin zai yi ta kakkarwa har ya cinye metal ɗinsa. Nawa sumul yake, babu tudu. Alhamdu lillahi, ko banza na huta da wannan.

Lokacin da nake yaron gareji a Kaduna, maigidana zai ce in je in karɓo kik ɗin 504, in tafi in dawo, magana ta ƙare. Ban taɓa ganin wanda ya tsuguna yana ƙidayar haƙoran filawil ba. Yau ga ni da furfura ina yi da alli.

Laraba, 6 ga Maris

Na biya shagon kayan mota bayan tashi daga aiki. Yaron kanta ya buga shekara da sunan mota da girman inji a kwamfuta, ya ɗauko mini wanda aka sabunta: dala 74, da ajiyar dala 25 har sai na kawo tsoho. Na buɗe kwalin a gabansa, ramuka a karkace. Na ƙara da noti biyu, dala 9.

Asabar, 9 ga Maris

Da safe komai ya tafi daidai. Kik ya hau bulok, notuna suka shige, bendis, ɗan giyar kik da ke cafke filawil, na fuskantar haƙora yadda ya kamata. Har na aika wa abokaina hoto. Sai na ce bari in gwada ƙoƙon kuloci, wanda makanikai ke kira belhausin, in ga yadda za su zauna tare. Ƙoƙon ya zo ya tsaya, saura kamar kaurin yatsa ya manne da bulok ta ɓangaren kik. Na cire kik, ƙoƙo ya zauna daram. Na mayar da kik, ya sake ƙi.

Ina cikin wannan sintiri maƙwabcina ya leƙo. Dattijo ne, ya haura saba'in, ya yi shekaru yana gyaran irin waɗannan motoci tun suna sabbi, kuma ba ya iya jin ƙarar sifana ya zauna a gida. Bai ko taɓa komai ba, ya ƙwanƙwasa hancin kik ɗin da farce ya ce na mota mai giyar otomatik ne aka ba ni.

Bayaninsa ya shige ni. Kik mai ramuka a karkace shi ma iri biyu ne. Akwai mai hancin alminiyam, hancin da kauri, wanda ake sa wa motoci masu otomatik, inda murfin gwangwani kawai ke ƙasan filawil, wuri a sake. Akwai kuma mai hancin baƙin ƙarfe, siriri, wanda aka yi don ya shige kogon da ke jikin ƙoƙon kuloci. Ya sa na goge gefen ƙoƙon muka karanta lambarsa: 3899621. Masu harkar “621” kawai suke ce masa, shi ne na kuloci mai inci 11 da babban filawil. Wannan ƙoƙon, in ji shi, hancin baƙin ƙarfe yake so.

Na tambaye shi ko in sa giranda in rage hancin. Ya ce mutane na yi, wasu ma ƙoƙon suke ci. Ya dube ni ya ce ƙoƙon ya kai shekara 54 babu wanda ya taɓa shi da giranda. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ban gwada ba, sai injin ya shiga mota, ina kwance a ƙasa da giyabos a ƙirji, sannan zan gano.

Talata, 12 ga Maris

Azumi ya kama jiya. Na mayar da kik, an dawo mini da kuɗina cif. Notunan an ce ba a karɓa tun da na farke leda. Aikin gareji zai koma ƙarshen mako, shi ma da safe kafin ƙarfi ya ƙare.

Asabar, 16 ga Maris

Ban taɓa sifana ba yau, karatu na yi.

Kik ɗin asali na Delco-Remy ne, reshen General Motors da ke garin Anderson a jihar Indiana, samfurin da ake kira 10MT. A jikin gangarsa ake buga lamba mai alƙaluma bakwai, tare da ranar da aka ƙera shi. Wanda ya dace da babban inji mai giyar hannu a 1970 shi ne 1108418. Ɗan'uwansa na otomatik 1108430. Ranar kuwa da alƙalami ɗaya na shekara ake farawa, sai harafin wata, sai kwanan wata. Harafin A Janairu ne, B Fabrairu, haka har M Disamba, don ana tsallake harafin I kada a ɗauke shi lamba 1. Tun da an haɗa injina ran 12 ga Fabrairu, kik ɗin da zai yiwu a ce nasa ne dole ya riga shi zuwa duniya da 'yan makonni: Disambar 1969 ko Janairun 1970, wato 9M ko 0A.

Sai kuma batun ƙarfi. Ganga iri ɗaya a ido, amma akwai mai ƙaramin ƙarfi da mai babban ƙarfi. Ana gane su daga inda wayar kwayil ɗin ciki ta ɓullo. A ƙaramin, tana fitowa dab da gindin salanoyid, makunnin da ke tura bendis ya ba kik wuta, a ɗaure ta kai tsaye. A babban, kwayil ya fi tsawo, wayar ta ɓullo can nesa, sai an sa ɗan bututun jan ƙarfe da dogon sukuru kafin su haɗu. Injina matsinsa 10.25 ne, ga shi sabon haɗi, ringi na riƙe gam. Mai ɗan bututu nake buƙata.

Yanzu shawara ta rage gare ni. Akwai ƙananan kik na zamani masu giya a ciki, nauyinsu bai fi rabin na tsohon ba, ba sa damuwa da zafi sosai, an ce mini kusan dala 200. Wanda yake son mota ta tashi kawai, shi ne nasa, kuma ba na ganin laifinsa. Amma ni distiributa ta asali na bari, mai fayint, kuma wannan tsarin yana buƙatar ƙafa ta musamman a salanoyid mai alamar R. Wayar da ke kai wa kwayil ɗin filogi wuta tana da turjiya a cikinta, tana rage wutar don kada fayint ya ƙone. Lokacin tayarwa batir ya riga ya durƙusa da nauyin kik, sai ƙafar R ta tura wa kwayil cikakkiyar wuta kai tsaye ta wata waya ruwan ɗorawa. Da aka koma distiributa ta HEI, marar fayint, a tsakiyar shekarun 1970 an daina buƙatarta, shi ya sa yawancin na zamani ba su da ita, sai an yi dabara da dayod.

Gaskiyar magana ma ba wannan ne ya hana ni ba. So nake in an leƙa ƙarƙashin motar a ga abin da ya kamata a gani. Uwargida ta ce, “Maigida, wa zai kwanta a ƙasa ya karanta lambar?” Na ce ni.

Lahadi, 24 ga Maris

Dattijo ya tono mini wani tsohon kik mai hancin baƙin ƙarfe daga rumbunsa, aro, don in gwada zama. Mai ƙaramin ƙarfi ne, babu bututu, amma hancin nake so. Ya shige kogon 621 kamar an auna. Magana ta tabbata.

Sai notuna suka kawo tasu. Waɗanda na saya na hancin alminiyam ne, sun fi tsawo da kusan inci guda. Na fara ɗaurewa, na ji noti ya yi tauri alhali kik na lilo, ashe ya kai ƙarshen rami. Allah ya sa na tsaya. Ramin waje a kan ɗan kunnen bulok yake, siriri, kuma idan ya tsage sai dai a nemi mai walda na musamman a yi ta addu'a.

Notin kik ba kowane noti ba ne. Zarensa 3/8-16, kuma sama da zaren akwai wani wuri mai kurji-kurji da ke cika ramin ya hana kik motsi ko da na gashi ɗaya. Noti sumul zai ɗaure, amma duk tayarwa kik zai ɗan goce, a hankali ya ci haƙora ko ya fasa hanci. Na yi odar na daidai, dala 14, da ƙarfen tallafi da ke riƙe ɗaya ƙarshen kik ɗin a jikin bulok, dala 19. Mutane da yawa na jefar da wannan ƙarfen. Abu mai nauyin kusan kilo 9 yana rataye da noti biyu a gefe guda, ban ga dalilin jefarwa ba.

Asabar, 30 ga Maris

Na tuntuɓi mutum biyu masu tallan 1108418 a intanet. Na farko ya ƙi turo hoton lambar. Na biyu ya turo, kwanan watan 0D ne, Afrilu, wata biyu bayan an haɗa injina, kuma kuɗin da ya yanka ya isa sayen tayoyi biyu. Na haƙura.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba. Gareji ya yi ƙura. Na share, na wanke giyabos ɗin Muncie, na sauya masa roba ta baya. Ba zan rufe ƙoƙon kuloci ba sai kik na gaske ya zo, don auna tazarar haƙora sai filawil na a buɗe.

Asabar, 20 ga Afrilu

Carlisle, jihar Pennsylvania. Mun bar gida bayan asuba, ni da ɗana da dattijo, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Kasuwar tsofaffin kayan mota ce da ake ci duk bazara a filin baje koli, layi bayan layi, rumfa bayan rumfa, ƙafa ta gaji ido bai gama ba. Na tafi da burushin waya, tocila, ɗan maganaɗisu, da takarda mai lambobi a aljihu.

Na ɗaga kik ya fi talatin. Yawancinsu sun sha hannun masu sabuntawa, an kankare lambar ko an cike ta da baƙin fenti. Wannan ita ce matsalar lamba: kamfanonin sabuntawa kan wargaza ɗaruruwa a lokaci guda, su wanke, su haɗa gangar wannan da hancin wancan da amecar wani. Sai ka ga ganga ta ce 1108418 amma hanci na alminiyam. Na ga irin wannan guda biyu da idona. Maganaɗisu ne ya tona asirin ɗaya, don an fesa masa fenti har ya yi kama da baƙin ƙarfe.

Wajen ƙarfe ɗaya, a ƙarƙashin teburin wani mutum mai sayar da kayan Chevelle zalla, ɗana ya jawo wani baƙi ƙirin da maiko. Maganaɗisu ya kama hanci. Ramuka a karkace. Ga ɗan bututun jan ƙarfe. Na goga burushi, lamba ta fara fitowa: 1108418, a gefenta 9M16. 16 ga Disamba, 1969, mako takwas kafin injina. Na yi ƙoƙarin kada fuskata ta nuna, amma hannuna ya riga ya ba da ni. Ya ce 180. Na nuna masa cewa bendis ya ci, salanoyid kuma ya tsage a murfi. Muka yi ta ja, dattijo na gefe yana dariya wai bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Na ce masa a kasuwar Panteka na yi makaranta. An tsaya a 140.

Mai da abinci dala 60.

Talata, 23 ga Afrilu

Na wargaza shi da daddare. Burushi huɗu sun cinye saura kaɗan, bushin na hanci ya yi faɗi har amecha na kaɗawa, kwamiteta ta yi baƙi da zurfin sawu. Kwayil ɗin ciki kuwa lafiya, rufinsa bai ƙone ba, kuma dogo ne, wato cikin ya yi daidai da abin da gangar ta faɗa. Na yi odar kayan gyara: burushi, bushin, bendis mai haƙora 9, murfin salanoyid mai ƙafar R. Dala 38.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na kai amecha wurin wani mai gyaran kik da altaneta, irin shagunan da suke ƙarewa a garin nan. Ya ɗora ta a kan na'urar gwaji ya tabbatar babu inda waya ta haɗe, ya ɗan yanke kwamiteta a injin juyi, ya share tsakanin layukan. Dala 45.

A gida na buɗe salanoyid. Faifan jan ƙarfen da ke haɗa wuta ya ƙone a fuska ɗaya, na juya shi, bayansa sabo fil. Na haɗa komai, na ɗaure a bais, na kawo batir da wayar jan wuta. Na taɓa ƙafar S, wadda makulli ke ba wuta, bendis ya yi tsalle gaba, kik ya yi wata kuwwa har ƙaramar 'yata ta gudu cikin gida. Gangar na fesa mata baƙi marar sheƙi, siriri, don kada lambar ta nutse.

Asabar, 4 ga Mayu

Ranar awo. Kik ɗin Chevrolet a jikin bulok yake ɗaure, ba a jikin ƙoƙon kuloci ba, saboda haka tazarar bendis da filawil takan bambanta daga inji zuwa inji, sai an daidaita da shim, wasu siraran ƙarafa da ake sawa tsakanin kik da bulok. Fakiti dala 7.

Na cire salanoyid don in iya tura bendis da hannu. Babu shim, bendis ya shiga da ƙyar, kuma ya ƙi komawa da kansa. Akwai gwaji mai sauƙi: bakin dirila mai kaurin 1/8 na inci ya kamata ya shige tsakanin sandar amecha da kan haƙorin filawil. Nawa ya ƙi shiga. Na sa shim ɗaya mai kaurin 0.015 na inci a ƙarƙashin notuna biyu, bakin dirila ya shige da ɗan jan jiki. Na tura bendis, na zura waya mai kaurin 0.020 tsakanin kan haƙorinsa da gindin haƙoran filawil, ta shiga. Na juya inji na maimaita a wuri uku, don filawil ba ya rasa ɗan rashin daidaito. Duk sun yi.

Dattijo ya koya mini yadda ake ganewa da kunne. Idan kik na kuka mai tsini yayin da yake juya inji, tazara ta yi yawa. Idan kukan ya zo bayan inji ya kama, lokacin sakin makulli, ta yi kaɗan, bendis ne ke maƙalewa. Shim a ƙarƙashin notuna biyu yana nisanta kik, rabin shim a ƙarƙashin notin waje kaɗai yana karkato shi ciki. Tazara mai yawa ita ce ke karya haƙora.

Daga nan na sa kuloci, na rufe ƙoƙo, na haɗa giyabos.

Asabar, 11 ga Mayu

Inji ya shiga mota. Mutum huɗu, awa uku, yatsa ɗaya ya fashe, nawa.

Asabar, 18 ga Mayu

Na haɗa wayoyi: babbar wayar batir a babbar ƙafa, shunayya a S, ruwan ɗorawa a R. Na cire filogi duka takwas don in juya inji babu matsi, in ji kik kawai. Na murɗa makulli, shiru, ko ƙyas. Na fito, na duba fis, na duba batir, na shiga ƙarƙashi da tocila. Minti ashirin ina wannan kafin ɗana ya ce, “Baba, ka taka kuloci kuwa?” Motar na da makunni a jikin fedar kuloci, shunayyar waya ta cikinsa take bi. Ban ce masa komai ba, na koma na taka.

Ya juya, amma a gajiye, kamar jakin da aka yi wa lodi. Babu filogi ma ke nan. Zuciyata ta tafi kan kik, na fara lissafin dala 140 da tafiyar Carlisle. Kafin in kwance shi na ce bari in auna. Batir na nuna bolt 12.6 a zaune. Na sa mita tsakanin ƙafar batir mai ɗebewa da gangar kik, ɗana ya murɗa: bolt 1.8 ke ɓacewa a hanya. Bai kamata ya kai ko rabin bolt ba.

Fenti ne. Fentin nan da nake alfahari da shi. Na fesa shi a inda wayar as ke ɗaurewa, na fesa a mazaunin kik, har hawa uku. Wutar da ta shiga kik ta jikin bulok take komawa batir, ni kuwa na shimfiɗa mata bargo a hanya. Na kwance kik, ina lallaɓa shim kada ya ɓace, na kankare mazaunin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, haka ma wurin wayar as. Wayoyin batir ɗin kansu da na yanka bakin ɗaya, ciki ya yi kore. Na je na sayo sabbi masu kauri, dala 56. Aka sake aunawa: 0.2. Kik ya juya inji har motar na rawa.

Da na tayar da shi da wancan halin, da na yi ɓarna. Kamshaf ɗin sabo ne, irin mai lifta sumul, kuma man da aka shafa masa gogewa yake yi idan aka daɗe ana juyi inji bai kama ba. So ake ya tashi nan take.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na cika kafireta da fetur, na juya famfon baƙin mai da dirila har agogo ya nuna, na mayar da distiributa, na sa filogi. Bismillah. Juyi na uku ya kama. Babu kuka a shiga, babu kuka a fita. Na riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti, har na minti 25, don kamshaf ya zauna, ɗana na riƙe da tiyo a gaban lagireto, dattijo na tsaye da hannu a aljihu yana gyaɗa kai. Maƙwabta biyu sun fito, ɗaya don murna, ɗaya don ƙara.

Asabar, 25 ga Mayu

Zagaye na farko a unguwa. Na tsaya gidan mai, na kashe, na dawo bayan minti goma: ƙyas, sai shiru. Na jira kusan rabin awa da bonet a buɗe, ya tashi kamar ba shi ba. Zafi ne. Salanoyid a saman kik yake, dab da bututun salansa, idan ya gasu turjiyarsa na ƙaruwa, wutar da ke zuwa ta tsohuwar shunayyar waya ba ta isa ta ja shi. Na yi odar garkuwar zafi, dala 24.

Asabar, 1 ga Yuni

Garkuwa ta hau. Na kuma yanke bakin shunayyar waya da ya yi tsatsa na sa sabo, na goge haɗin da ke jikin akwatin fis. Na yi tafiyar minti arba'in, na kashe, na jira minti goma, ya tashi. Na sake, ya tashi. Na uku ya ɗan yi jinkiri kamar na ƙiftawar ido kafin ya ja. Yau zafin bai kai na Yuli ba, saboda haka ban cire shi daga takarda ba tukuna. Idan ya sake yi, zan sa rile, ɗan makunnin lantarki, a ɓoye bayan batir don S ta riƙa samun wuta kai tsaye.

Abin da kik ya ci zuwa yau, har da notunan da ba su yi ba da kuɗin hanya: dala 412. Na mayar wa dattijo nasa na aro. Na kwali mai ramuka a jere yana kan kanta, wani mai Chevrolet Nova ya ce zai zo ya duba ranar Talata. Mako mai zuwa birki: silindar baya ta hagu na zubar da mai.